Abarshi da Kafet Ɗin Tasalla

Abokina Abarshi ya rasu ranar wata Laraba, ana tsakiyar cire masara. Yau wata biyu ke nan, amma har yanzu idan na buɗe rumfata da safe sai bakina ya riga ni, in juya hagu in ce, "Malam, an tashi lafiya?" Sai in ga benci ba kowa. Shekara ashirin da bakwai muka yi a jere a bakin hanyar tasha, nan Birnin Gwari. Ni Gideon ina facin taya, shi yana gyaran darduma da kafet. Yakan ce sana'armu ɗaya ce, dukanmu rami muke toshewa, bambancin kawai shi ne aikinsa sai an cire takalmi ake takawa, nawa kuwa da na gama ake birgima shi cikin kashin shanu.

Gajeren mutum ne mai sanƙo, da tabarau wanda ƙafarsa ɗaya ta karye ya ɗaure da jan zare. Basilla uku kullum suna soke a hularsa. Har masallaci da su yake zuwa, sai da liman ya aiko masa cewa mutanen sahun gabansa suna tsoron duga-dugansu idan an yi sujada. Kayan aikinsa ba yawa: almakashi, reza, gam, wani tsohon mataji, da buhun guntayen kafet da ya fara tarawa tun yana koyon aiki a Zariya.

Abarshi ba ya tambayar abin da ya sami kafet. Shi yake faɗa wa mai kaya. Mace za ta zo ta shimfiɗa a gabansa ta ce, "Malam, ɓera ne ya ci." Sai ya gyara tabarau, ya sunkuya, ya shinshina.

"Hajiya, ɓeran gidanku guga yake yi? Ga hancin dutsen guga nan ya fito sarai."

Ya san ƙunar maganin sauro, zagaye take kamar kwabo. Ya san ta kaskon turaren wuta, ƙananan ramuka a warwatse. Ya san gara, wadda take ci ta ƙasa ta bar sama lafiya lau har ranar da aka ɗaga. Abin da kawai ke tayar masa da hankali shi ne manja. Ba zubar man ba, abin da ake yi bayan ya zube.

"Wa ya gurza wannan? Ba a gurza kafet! Tsumma ake sawa a danna a ɗaga, a danna a ɗaga. Yanzu kin tura man har ya gaisa da siminti."

Idan bakin kafet ya fara warwarewa, sai ya kalmasa shi ya bi da basilla, ɗinki kusa da kusa. Idan kusurwa ta nannaɗe, ya ce a jiƙa tsumma a ɗora, a kifa turmi a kai kwana biyu. Gurbin ƙafar kujera kuwa ruwan randa yake yayyafawa ya tayar da gashin da mataji. Duk waɗannan ba ya kiransu aiki. Aiki a wurinsa shi ne maho. Zai yanke wurin da ya ƙone murabba'i, ya shimfiɗa buhun algarara ta ƙasa, ya yanko wani guntu daidai ramin, ya duba inda gashin kafet ya kwanta ya bi da shi haka, ya sa gam, ya ɗinke ta baya, ya taje. Sannan ya kira mai kaya ya ce, "Nemo." Idan ka gano wurin, kwancewa yake ya sake.

Guntun mahon daga jikin kafet ɗin yake fitowa, ta inda ido ba ya zuwa, ƙarƙashin gado ko bayan kujera. Amma ƙaramar darduma ba ta da wurin ɓuya. Ita sai a koma buhun guntaye. Idan buhun bai ba da launin ba, to nan ne maganar Tasalla take shigowa.

Tasalla matarsa ce, ita kaɗai, shekara talatin da wani abu suna tare. Tuyar awara take yi a gida, kuma idan ta kira autarsu Saliha daga tsakar gida, har Salihar gidan maƙwabta amsawa take. A falonta akwai kafet babba, bango zuwa bango, wanda yayanta ya taho mata da shi daga Jidda shekarar da ya yi aikin hajji. Bai daɗe da dawowa ba ya rasu. Kafet ne ja, amma babu launin da ba ka samu a cikinsa: shuɗi, kore, ruwan ƙasa, fari, ruwan ɗorawa, furanni cikin furanni. Ba a cin abinci a kansa. Ba a shan ruwa a kansa. Jariri kuwa sai an shimfiɗa leda biyu.

Yankan farko laifina ne, gara in faɗa da bakina. Wata shekara kafin Kirsimeti kyandir ya faɗi a cocinmu ya ƙone jar dardumar gaban bagadi, rami kamar tafin hannu, ga babban baƙo yana zuwa ranar Lahadi. Na naɗe na kawo wa Abarshi ranar Alhamis. Ya zazzage buhunsa kaf. Akwai ja kala biyar, babu wanda ya yi. Na ce ya sa kowanne, ai ja ja ne. Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa.

Ranar Asabar da hantsi ya zo da wani guntu a aljihu. Ya ɗora a ramin, ya zauna kamar tare aka saƙa su.

Na ce, "Ina ka samo?"

Ya ce, "Kai dai ka tafi ka yi wa Allah waƙa."

Sai bayan sati guda ya gaya mini. Tasalla tana zuwa Islamiyya kowace Asabar da safe. Tana fita ya ja doguwar kujera, ya yanka ta jikin bango, ya cike gurbin da algarara, ya mayar da kujera. Ya rantse mini cewa da ya sami jan da ya dace zai mayar. Na yarda, shi ma ya yarda da kansa.

Da abin ya tsaya nan da ba ni da labari. Amma sai shekarun nan suka zo da mutanen ƙauyuka suka fara barin gonakinsu saboda mutanen daji. Kullum sai ka ga babur ya shigo gari daga wajen Dogon Dawa ko Damari, mutum huɗu a kai, tukwane a gaba, darduma a naɗe a baya. Mai gudu ba ya duba yadda ya ɗaure kaya. Dardumar sai ta zamo ta kwanta a kan salansa tun daga daji har gari. Wannan ƙuna sabuwa ce, Abarshi bai koye ta a Zariya ba: rami uku ko huɗu a jere, kowane ninki da nasa.

Na tuna wata Bara'atu da ta zo da shuɗiyar darduma. Ba ta yi kuka ba. Ta ce kawai a kayan ɗakinta duka wannan ce ta fito. Abarshi ya duba buhu, ya duba dardumar, ya duba ni. Na ce masa da yaren ido kada ya kuskura. Asabar tana zagayowa ya zo da shuɗi a aljihu.

Daga nan ƙarƙashin doguwar kujera ya ƙare, domin rami uku kawai wurin ya ɗauka, kuma ba kowane launi ke nan ba. Kore yana wajen taga. Ruwan ɗorawa yana kusa da ƙofa. Sai Abarshi ya gano dabara: idan launin da yake so yana fili, sai ya fara kawo abin da zai rufe filin. Haka kabad ya shigo gidan Tasalla. Bayansa teburin talabijin, tun ba su da talabijin. Sai akwatin ƙarfe, sai ƙaramar kujera, sai wata ƙaramar kujerar. Falo ya cika har sai an karkace ake wucewa. Kuma kowane abu shi yake zaɓar inda za a ajiye, ya ce kafinta ya yi gargaɗi, idan aka ja ƙafar za ta karye.

Shara ta zama matsala, sai ya karɓe ta. Ya ce wa Tasalla mata ba su iya sharar kafet ba, gaba da gashi suke yi. Daga ranar shi yake share falo, shi yake kaɗe shi da Sallah, ƙofa a rufe wai don ƙura.

Labari ya bazu a unguwa cewa ga mijin da ke cika wa matarsa ɗaki da kaya kuma ya yi mata shara. Wata safiya maƙwabcinsa Wakili ya zo rumfa fuska a murtuke, ko gaisuwa bai gama ba.

"Malam Abarshi, me muka yi maka? Jiya matata ta miƙo mini tsintsiya. Ni! Ta ce wai Malam Abarshi ba namiji ba ne? Idan son matarka ya yi maka yawa, ka riƙa yi a ɓoye mana."

Abarshi ya ce, "Wakili, wallahi a ɓoye nake yi."

Ni na shige bayan tayoyi, domin dariya ta kusa kashe ni.

Sau ɗaya asiri ya kusa tonuwa. Kunama ta fito da hantsi ta shige ƙarƙashin doguwar kujera a gaban idon Tasalla. Matar Wakili ta leƙo rumfa tana cewa a zo a ja kujera. Ban taɓa sanin Abarshi yana da gudu ba sai ranar. Ya tarar Tasalla ta riga ta kama hannun kujerar. Sai ya faɗa a kai ya saki ihu, wai bayansa ya riƙe, kada wanda ya motsa shi. Haka ya zauna har la'asar, ƙafafu a naɗe a sama, kunama a ƙasa, yana nishin ƙarya yana zufar gaskiya. Sai da Tasalla ta fita nemo masa magani ya sauko ya kashe ta. Sati guda tana dafa masa saƙe-saƙi mai ɗaci tana tsaye a kansa har ya shanye. Ya ce mini gara ma harbin kunamar.

Amma kada a ɗauka abin bai dame shi ba. Ya dame shi. Wata Juma'a ya dawo daga masallaci ya zauna, bai ciro basilla ba. Ya ce huɗubar ranar a kan haƙƙin mutane aka yi. Wai abin da ke tsakaninka da Allah, Allah yana yafewa idan ya so, amma abin da ka ɗauka na wani sai mai shi ya yafe da bakinsa.

"Gideon, kafet ɗin nan ba nawa ba ne. Ko zare ɗaya."

Na ce to ya gaya mata. Ya ce yau ɗin nan. Washegari na tambaye shi. Ya ce ya fara, ya ce, "Uwargida, game da kafet ɗin nan," sai ta ce ai shekaranjiya ma ta yi mafarkin Yaya yana zaune a kai yana murmushi. Na ce sai ka ce me? Ya ce, "Sai na ce yana da kyau."

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Ya nemi irin kafet ɗin a Kaduna, ya aika Kano, an ce an daina yin irinsa tun da daɗewa. Kuma bai daina yanka ba. Duk lokacin da ya ce wannan ne na ƙarshe, sai wani babur ya shigo gari.

Bana da rani ƙafafunsa suka fara kumbura. Da damina ta sauka ya daina zuwa rumfa. Aka bi jerin motoci masu rakiyar jami'an tsaro aka kai shi asibiti a Kaduna, ya kwana tara, likita ya ce a dawo da shi gida a riƙa ba shi abin da yake so. Duk mun gane. Da na je dubiya na tarar Tasalla ta shimfiɗa masa katifa a tsakiyar falo, a kan kafet, ga kofin kunu a gefe, babu ko leda. A nan na san ita ma ta gane.

Kwana biyu bayan haka ya aika a kira ni. Na shiga na zauna. Tasalla tana bakin ƙofa tana tsince wake. Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Uwargida, ajiye tiren nan. Gideon, ja kujerar."

Na ce, "Malam, wace?"

"Kada ka yi kamar ba ka sani ba. Babbar."

Tasalla ta ce, "Ƙafar za ta karye."

Ya ce, "Ba za ta karye ba. Ba ta taɓa niyyar karyewa ba."

Na ja. Rami uku suka bayyana a jere, kowanne cike da algarara, an gyara bakinsa tsaf, domin ko a ɓarna Abarshi ba ya aikin ƙazanta. Tasalla ta miƙe. Ba ta ce komai ba, kuma shirun Tasalla abu ne da ban taɓa ji ba.

"Ja kabad."

Na ja, biyu. Tebur, biyu. Akwati, ɗaya babba. Ƙananan kujeru, ɗaya da biyu. Goma sha ɗaya. Kafet ɗin Jidda ya koma kamar gonar da aka haƙe dankali.

Sai ya yi magana, a hankali, ba wasa. Ya ce shi ya yanka, da hannunsa, shekara goma sha biyu yana yi. Ya ce ba nasa ba ne, bai tambaya ba, kuma ba ya so ya tafi da shi a wuyansa. Ya ce, "Ki yafe mini."

Tasalla ta taka zuwa ramin wajen taga ta nuna da ƙafa. "Wannan yana ina?"

"Wurin wata Deborah, 'yar wajen Damari. Yanzu tana bayan makarantar firamare."

"Wannan fa?"

"Bara'atu."

"Wannan?"

"Sallayar Wakili."

"Wakili! Wakilin da ko gishiri ba ya ba da aro?" Ta matsa. "Wannan na farkon fa?"

Abarshi ya dube ni. Na dubi silin.

"Coci," in ji shi.

"Coci!"

Na ce, "Gaban bagadi, Maman Saliha. Wuri ne na girmamawa sosai."

"Kai rufe mini baki, Baban Comfort, zan zo kanka. Ni ban taɓa wuce Zariya ba, ashe kafet ɗina ya gama zagaye duniya, har addini biyu yake yi!"

Muryarta ta dawo, kuma na ji daɗin haka. Amma sai ta dafa kabad ɗin, muryar ta sake sauka.

"To wannan, Malam? Ba don ni ka kawo shi ba?"

Abarshi ya gyara tabarau. "Don ke ne," ya ce. "Da ramin."

"Shekara goma ina cika wa matan unguwa baki. Ina cewa ku dubi mijina."

Ta ɗauki tirenta ta fita tsakar gida. Muna jin ta tana tsince waken da ƙarfi, kowace tsakuwa sai ta buga bango. Abarshi ya rufe ido, hawaye yana bin gefen kunnensa. Na riƙe hannunsa. Can sai ga ta ta dawo, ta cire hularsa daga ƙusa, da basillun a jiki, ta ajiye masa a ƙirji.

"Ban yafe ba. Wanda ya yanka shi zai ɗinke. Goma sha ɗayan nan, ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ka gama sai mu yi magana."

Na ce, "Maman Saliha, mutumin nan ko zama ba ya iyawa."

"Ya iya gudun kunama. Ka jingina shi."

Na jingina shi da filo uku. Na ɗauko buhun guntaye daga rumfa. Kafin magariba ya sa zare a basilla da kansa, abin da na ɗauka ba zan sake gani ba.

Kafin kwana biyu duk gari ya ji, domin Tasalla ba ta ɓoye wa kowa ba. Bara'atu ta zo da dardumarta a ka ta ce a kwance a mayar. Abarshi ya ce ba a kwance aikinsa. Tasalla ta ce abin da ya fita ya fita, ba ta karɓar komai. Sai mutane suka fara kawo guntaye, kowa da abin da ya samu. Wakili ya kawo wani tsohon kafet na mota, aka kore shi. Babu guntu ɗaya da ya dace da launi, kuma wannan ya fi ciwon cin ran Abarshi. Shekara arba'in yana cewa "nemo", yanzu maho yake yi wanda makaho zai gano da sanda.

Tasalla kuwa ta zama mai duba aiki. Duk wanda ya gama sai ta durƙusa ta shafa.

"Gashin ya kwanta gabas, na kafet yana kallon arewa. Sake."

"Uwargida, yaushe kika san kwanciyar gashi?"

"Shekara talatin ina jin ka kana yi wa mutane faɗa. Sake."

Ya sake. Wani ta ce ɗinkin ya yi faɗi. Wani ta ce koren ya yi kama da miyar kuka. Na biyar sai da ya yi shi sau uku. Yana aiki yana mita, yana neman kunu, yana neman a buɗe taga ya ga haske. Likita ya ba shi kwanaki, sai ga shi ya shiga sati na huɗu yana gardama a kan zare.

Duk da haka ni abin ya fara ba ni haushi, domin ina ganin yadda ƙarfinsa ke ƙarewa. Wata rana ta rako ni zaure, na tsaya na ce mata, "Maman Saliha, don girman Allah ki yafe masa. Tsoro yake ji. Kafet ne fa."

Ta dube ni kamar yadda mijinta ya dube ni ranar da na ce ja ja ne.

"Baban Comfort, shekara nawa kana zaune kusa da shi ba ka san shi ba? Ka taɓa ganin ya bar aiki a rabi? Ranar da na ce na yafe, ranar zai ajiye basilla."

Ta ja mayafi ta goge fuska ta koma ciki. Ina jin ta tun daga tsakar gida tana cewa na shida ya karkace.

Sati bakwai aka yi haka. Saliha ta zo daga gidan mijinta ta zauna tana sa masa zare. Ya gama na tara. Na goma ya ɗauke shi kwana shida, kuma Tasalla ta shafa ta shafa, ta buɗe baki, ta dubi fuskarsa, ta ce ba laifi.

Saura ɗaya, na kusa da ƙofa, inda ƙaramar kujera take a da. Ranar Litinin da safe muka ja katifarsa kusa da ramin. Ya auna, ya sa na yanka masa guntun, domin almakashi ya fi ƙarfinsa. Saliha ta miƙa masa basilla. Ta faɗi. Ta sake miƙa masa, ya riƙe, ya kai bakin kafet, ta sake faɗuwa. Sau na uku bai ma iya rufe yatsunsa a kanta ba. Ya zauna yana kallon hannunsa. Sannan ya ɗago ya dubi matarsa, kuma a idonsa na ga tsoron nan na ranar Juma'ar huɗuba.

Tasalla ta zo ta durƙusa. Ta ɗauki basillar ta soke a hularsa.

"Malam, na yafe. Goma sha ɗayan duka, da kabad, da shara, da ƙaryar ciwon baya. Duniya da lahira. Baban Comfort shaida ne, Saliha shaida ce. Ni ma ka yafe mini."

Ya ce ya yafe. Ya saki numfashi mai tsawo, kafaɗunsa suka sauka. Can sai ya nuna ramin da haɓa.

"To amma aikin bai ƙare ba."

"Na ce na yafe. Ban ce ka iya aiki ba."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ranar ya sha kunu kofi guda cur, ya yi barci mai kyau. Ranar Laraba bayan azahar ya tafi, cikin sauƙi, kansa a cinyarta.

Tasalla tana takaba yanzu. Ta sa an fitar da kabad da akwati da ƙananan kujerun an kai wani ɗaki, falo ya koma fili. Duk wanda ya zo gaisuwa yana ganin maho goma, kowanne da launinsa, da rami ɗaya kusa da ƙofa. Wani mai gyara daga Funtuwa ya aiko cewa zai rufe mata shi don darajar mamaci. Ta ce a gode masa.

Shekaranjiya na kai mata doya. Na yi sallama, Saliha ta ce in shigo. Na ɗaga ƙafa zan shiga ke nan sai muryar nan ta fito daga bayan labule, wadda ake ji har gidan maƙwabta.

"Baban Comfort, dubi gabanka! Kada ka taka wa Malam aiki, bai gama ba."

Na tsallake. Allah ya jiƙanka, Abarshi, ya yafe maka kamar yadda ta yafe.